Sulhun da muka yi a Rusaifa

Ina shekarata ta biyu a Makka, ina karatun hadisi, aka damƙa mini mabuɗin ɗakin ajiye ƙwallaye na kwalejinmu. Duk Alhamis bayan la'asar ana buɗe wa yaran unguwa filin, mai horar da ƙungiyar ɗalibai yana koya musu wasa. Ni ƙwallo ba ta taɓa shiri da ƙafata ba, don haka aikina raba riguna da ruwan sanyi.

Wata Alhamis na koma ɗakin ajiyar in ɗauko famfon iska. Ina tura ƙofa na tarar da mai horarwar da wani yaro ɗan shekara goma, Bahaushe haifaffen unguwar Rusaifa. Hannun mutumin yana inda hannun babba ba ya zuwa a jikin yaro. Yaron ya ƙura wa bango ido, ko kuka ba ya yi. Mutumin ya ce wai ciwo yake duba masa. Na ɗauki famfo na fita. Wallahi har ƙofar na ja musu.

Na san abin da ya wajaba a kaina. Duk mai aiki a filin an sa shi ya sa hannu cewa in ya ga an cuci yaro zai sanar da hukuma nan take. Amma mutumin ɗan ƙasa ne, ni baƙo, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta hannun kwalejin ta fito. Tsoro ya cika ni. Sai na yi abin da muka saba tun daga gida, na kai magana gun babba, wani dattijo mai shagon turare da Hausawan layin su yaron ke jin maganarsa.

"Ɗana, ka kai balagi wurin shurɗa?" Wato ko na kai ƙara wurin 'yan sanda.

"A'a, Baba."

"Alhamdu lillahi. Su in sun shigo, takardu za su fara tambaya. Uwar yaron nan iƙamarta ta mutu tun rasuwar mijinta. Halas, shi ke nan, a rufa asiri. Mu za mu gyara."

Ranar Talata aka yi gyaran a falonsa, da shayi da dabino. Aka zo da yaron, aka kira mai horarwar, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse, har da hawaye. Dattijon ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce tunda an wanke zargi, yaro ya tashi ya sumbaci kan malaminsa, kamar yadda ake girmama manya a nan. Yaron ya dube ni. Duk falon ni kaɗai na gani da idona, kuma ya san haka. Na sunkuyar da kai ina juya kofin shayi. Yaron ya tashi a hankali, ya je ya sumbaci kan mutumin nan. Aka ce masha Allah, aka shafa fatiha, ni ma na shafa. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Zan fita uwar ta tsayar da ni daga bayan labule. "Malam, don girman ɗakin Allah ka bar maganar nan. In aka kore mu ina za mu? Ni Najeriya a baki kawai nake jin ta."

Alhamis ta zagayo, sai ga yaron a fili. Ai an rantse, me zai hana a turo shi? Mai horarwar ya miƙo mini hannu yana murmushi, ya ce daga yau shi zai riƙe mabuɗin. Na ba shi. Sannan na zagaya bayan katanga, na kira layin kai ƙarar cin zarafin yara. Na san kiran zai iya raba uwar da garin haihuwarta, ni ma ya raba ni da karatuna, amma na kasa haɗiye abin.

Wata mata ta ɗauka. Larabcina na littafi ya watse, na yi ta in-ina har ta gane.

"Yaushe ka gani?"

"Mako guda ke nan."

Ta ce, "Yanzu yaron yana ina?"

Na ce yana fili. Na leƙa ta saman katanga don in tabbatar. Yara suna ta gudu a bayan ƙwallo ba mai tsawata musu. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na sake dubawa. Babu shi a cikinsu, babu mai horarwar.

Matar tana ta magana a wayar, ni kuwa na riga na sa gudu zuwa ɗakin ajiyar.