Mujiyoyin Gonar Marlys

Wendell Krause ya tsufa yana tuƙa motar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari na Minnesota, amma ba da tuƙi aka san shi ba. Da kaka ta kama, masara ta bushe, za ka same shi bakin madatsar ruwa da madubin hangen nesa a wuya, yana kallon agwagin da ke yada zango a hanyarsu ta kudu. Mutum ne mai haƙuri, sai dai yana da ciwo ɗaya: ba ya son a raina masa ido.

Bayan madatsar akwai gonar Marlys Tveit, wadda mijinta Harlan ya rasu ya bar mata alkama da jerin itatuwan tare iska. Cikinsu wasu mujiyoyi masu dogon kunne ke sauka duk kaka, kuma Wendell kaɗai ta yarje wa ya shiga. Masu kallon tsuntsaye suna da ƙa'ida: duk abin da ka gani ka faɗa wa 'yan'uwa, ban da inda mujiya ke barcin rana, don da jama'a sun taru take ƙaura.

Ran nan a shagon kofi, wani matashi mai kallon tsuntsaye, Curt mai ƙatuwar kyamara, ya sa shi a gaba.

"Dattijo, bana ma agwagwa? Anya madubin nan naka ba gindin kwalba ba ne?"

Aka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebi Wendell.

"Kai yaro, kana nan kana goge kyamara, ni kullum mujiyoyi nake kallo a itatuwan Marlys."

Tun bai rufe baki ba ya san ya yi ɓarna. Ranar Asabar motoci suka cika hanyar gonar. Aka tattake alkamar da ta fara tsiro, wani ma har girgiza reshe ya yi don mujiya ta buɗe masa ido ya ɗauki hoto. Washegari ko mujiya ɗaya ba ta saura ba.

Wendell ya je da hula a hannu, ya tarar Marlys tana ɗaura sarƙa a ƙofar gona.

"Marlys, ni ne na..."

"Na sani. Wa ya san da su in ba kai ba?"

Da ma ta zage shi, da ya ji sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Shekarar da Harlan ya rasu suka fara zuwa. Kowace safiya nakan fito in gaishe su." Ta danna kwaɗo ta juya. Kunya ta hana shi ko ɗaga kai.

Har yau yana zuwa madatsar, amma ta doguwar hanya yake bi don kada ya gifta ƙofarta. In aka tambaye shi a shagon kofi abin da ya gani, sai ya dubi kofinsa.

"Agwagwa," yake cewa.