Ranar da Ilu Ya Gaishe Ni da Ladabi

Bana shekara goma ke nan da rasuwar Mai Tambaya, kuma ban taɓa jin kewarsa kamar bana ba. Ba'amurke ne, malamin tarihi, ya zo Magariya yana bin labarin yadda iyaka ta raba dangi gida biyu. Ina mushen lakwal, wato malamin makaranta, a lokacin, sai na zama tafintansa. Mutanen Waca, wani gari kusa da mu, su ne suka laƙaba masa sunan, don ko ruwa ka ba shi sai ya tambaye ka wa ya haƙa rijiyar.

Wata ranar kasuwa muna tafe, Ilu taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, ya tare mu. Ya fizge hulata, ya kira ni bawansa, ya ce wa baƙon kada ya yarda da fassarar ragon da ko gyaɗa bai iya nomawa ba. Na rama da wadda ta fi zafi. Bawan Allah ya zaci dambe za a yi, ya faɗa tsakaninmu yana ba da haƙuri da gurguwar Hausarsa. Kasuwa ta kwashe da dariya, har mai fura ta kusa ɓarar da ƙwarya.

Da na bayyana masa wasan taubasai, cewa wannan zagin haƙƙi ne kuma ba a fushi da shi, sai ya gaya mini yana da ƙane a can ƙasarsu, siyasa ta raba su, ba su taɓa zagin juna ba, gaisuwa kawai suke cikin girmamawa kamar baƙi. A ganinsa ɗan Adam ya fi saurin yafe wa wanda ya cuce shi a kan wanda ya ƙi ra'ayinsa, ƙauna kuwa ita ce ka sami mai zaginka kana dariya.

"Ni ba hayaniyar siyasa nake tsoro ba," in ji shi. "Ranar da Ilu ya gaishe ka da ladabi, ranar za ka ji tsoro."

Dariya na yi masa. Ilu da ladabi?

To, ga shi mun gani. Da aka rufe iyaka, fataucin hatsin Ilu ya durƙushe. Aka taso da zancen mulki a wurin wani taron suna, na faɗi nawa, ya faɗi nasa. Na ɗauka harshe da haƙori ne, a saɓa a shirya. Ina! Tun ranar Malam yake ce mini, har da ɗan rusunawa. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. 'Ya'yanmu ma sun daina tsokanar juna, kuma wannan ne ke hana ni sukuni. Da Mai Tambaya na raye, na san zai tambaye ni wa zai koya wa jikokinmu wasan.

Littattafansa suna can da Turanci, ba mai karanta su a nan. Abin da ya bar mini maganar nan ce, ita ta hana ni zama. Zumunta a ƙafa take, don haka Juma'ar da ta wuce na hau mota zuwa Mallawa, inda Ilu yake zaune yanzu. Na sa hulata mafi muni, na karkata ta, na tsaya daf da shi, na ce ga ubangidansa ya zo duba bawansa.

Ya daɗe yana kallon hular. Na ga hannunsa ya motsa, har na ɗan sunkuyar da kai.

"Sannu da hanya, Malam," ya ce. "Ya iyali?"

Da hulata a ka na dawo Magariya.