Ranar da kwamfutocinmu ba su sani ba

Shekara ashirin da biyu Yaya Lamduan ta yi a ofishin rajista na asibitinmu a Lampang, ba a taɓa kama ta da kuskure ba, abin da ya sa ba ta da farin jini sosai. Mace ce gajera, marar son surutu, kullum da kwandon shinkafarta mai danƙo a gefen tebur.

A shekarar 2542 ta lissafin ƙasarmu, wadda Turawa ke kira 1999, aka ce kwamfutocin duniya za su rikice idan shekara ta juya. Darakta Prasong ya kawo wani faifai mai gwada su. Duk wadda aka saka wa sai ta nuna kore, lafiya lau. Ya ce Yaya ta duba ingancin faifan ta sa hannu.

Kwana uku ta yi tana dubawa, sannan ta same shi a gaban taron ma'aikata.

"Ranka ya daɗe, faifan nan lissafin Turawa yake gwadawa. Mu kuwa mun tura agogon kwamfutocinmu gaba, zuwa 2042, don takarda ta riƙa fitowa da 42 irin namu. Baɗi Fabrairu kwana ashirin da tara ne. A 2043, shekarar da kwamfutar take zaton za ta shiga, ashirin da takwas ne."

"Yaya, ke kin fi masu faifan sani ke nan?"

"Su ba a nan suke aiki ba."

Wani ya yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ja mata. A wurinmu ba a kunyata babba a gaban jama'a, ko da kai ke da gaskiya, musamman ma idan kai ke da ita. Mako bai cika ba aka mayar da ita ɗakin tsofaffin fayiloli da ke can ƙasa, aka ba ni kujerarta. Ni na sa hannun, ba zan ɓoye ba.

Sabuwar shekara ta zo ta wuce, ko ƙwan fitila bai mutu ba. Masu tsokana suka riƙa leƙa ta, "Yaya, yaushe ne tashin duniyar?"

Ranar ashirin da tara ga Fabrairu kwamfutoci suka wayi gari a ɗaya ga Maris. Jarirai takwas aka haifa, duk aka rubuta musu kwanan watan gobe. Masu alƙawarin ganin likita na kwana biyu suka haɗu a layi guda.

Darakta ya sauka wurinta da kansa, ya rufe ƙofa. Ta gyara komai kafin la'asar. Amma mayar da ita kujerarta yana nufin ya amsa laifi, don haka a can ƙasa ta yi ritaya.

Ranar da za ta tafi na tambaye ta ko ta ji haushin Darakta.

"Shi ai bai fahimta ba," ta ce. "Ke kin fahimta."