Wuyan Umara

Umara makiyayin raƙuma ne a Gure. Shekaru uku ke nan da amale ya kayar da shi, wuyansa ya karye. Likita a Damagaram ya yanko ƙashi daga kwankwasonsa ya dasa a wuyan. Dashen bai kama ba sai da aka sake aiki, wuyan kuwa ya sandare.

Yanzu duk wanda ya yi masa magana, sai ya juyo da dukan jikinsa. Mutane suka ɗauka girmamawa ce, suka riƙa kawo masa rigingimunsu ya sasanta.

Matarsa Fanna ta ce, "Malam, ka faɗa musu gaskiya mana."

Ya juyo gaba ɗaya ya ce, "Ai ba wanda ya tambaye ni."