Kulu da Hannayen Matan Gulma

Shekara goma sha biyar ke nan da aka kai ƙanwata Kulu makwancinta a Argungu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi mata, in raba wa maƙwabta masa, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. 'Yarta Nana, wadda na riƙe tun tana shekara huɗu, ta sami manemi ɗan gidan malamai a nan Birnin Kebbi. Da danginsa suka shiga bincike, sai gwaggonsa ta ce yarinya ba ta da aibu, amma an ce uwarta 'yar talla ce, 'yar wasan kwaikwayo. Nana ta same ni a tsakar gida, idonta jajir.

"Inna, ki gaya min gaskiya. Uwata abin kunya ta?"

Gwaggon ba ta yi ƙarya ba, rabin labari dai ta ji. Kulu doguwa ce, ga iya ɗaurin kallabi, kuma ta san tana da kyau, ba ta jira a gaya mata. Wani mai shagon atamfa a unguwar Nassarawa ya fara ɗaukar hotonta sanye da kayansa, ya buga a kalanda. Mahaifinmu masunci ne da ba ya son sunansa a bakin mutane, sai da ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta. Daga nan gidan talabijin suka ɗauke ta wasan kwaikwayo, inda kullum ita ce hamshaƙiyar matar birni mai yatsina. Ta iya yatsinar nan har ni da muka sha nono ɗaya takan ba ni haushi.

Da aka ba ta gabatar da shirin mata, kowa ya zaci kwalliya za ta koyar. Sai ta ce a'a, ƙauye za ta, wurin mata masu turara shinkafa da masu bandar kifi. A garin Gulma aka fara taka mata birki, mazan suka ce ba mai nuna fuskar matansu ga duniya. Kulu ba ta yi musu ba. Ta ce to a bar fuska, a ba ta hannaye. Haka shirin ya tafi har ta rasu: fuska ɗaya ce ake gani, tata, sauran duk hannaye ne suna tsamo shinkafa daga tukunya, suna shanya, suna juya kifi, masu su kuma suna magana ba a ganinsu. Takan ce ita an riga an gama zaginta a kan fuska, bari ta ara musu.

Yau da za ta leƙo, ina jin dariya za ta yi har da hawaye. 'Yan matan Gwadangaji kowace da waya a hannu tana tallan atamfa da mayafi, har da 'ya'yan gidajen da suka yi mata tofin tsiya, ana ce musu masu neman na kai. Ban ce sun yi laifi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne wadda ta share hanyar ita ce har yanzu ake goranta wa 'yarta.

Ba ni da abin nuna wa Nana. Kasakasan bidiyo na shirin da na adana, ambaliya ta shiga ɗakin mahaifiyarmu ta lalata su, kalanda ɗaya tal ta tsira a ƙasan akwatina. Don haka na ce ta ɗauki mayafinta, muka hau mota sai Gulma.

Muka sami Tumba, tsohuwar da aka fara ɗaukar hannunta, ido ya yi rauni. Na ce ga ɗiyar Kulu. Ta kama hannayen Nana tana shafawa, ta daɗe ba ta saki ba.

"Awo, yatsun Kulu na. Ke ɗiya, uwarki ba ta yarda a kunna na'ura sai ta tuɓe zobe ta yi aiki da mu, hat turiri ya ƙone ta. Ran da anka nuna mu, Malam mijina na cikin masu kallo ƙofar gidan hakimi. Da yad dawo sai yac ce in miƙo hannuna shi gani. Tun ina amarya nike wanga aiki cikin gidanai, sai a talabijin yag ga tabon wuta ga hannuna. Washegari da kainai yaf fara faskara min itace."

Nana ta yi kuka, ni ma na yi, ba na ɓoyewa. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ruwa ya tafi da muryar Kulu, kyan nan da ta yi taƙama da shi ƙasa ta rufe, amma a Gulma har yau ana sa ta a addu'a.

Da muka dawo gida Nana ta ce in buɗe akwati. Ta ciro kalandar, ta kai aka sa mata gilashi. Yanzu Kulu tana bangon falona da kallabinta a karkace, daidai saitin kujerar da masu neman aure za su zauna. Ko za su dawo, Allah ne masani. Nana ce ta buga ƙusar da hannunta.