Taken Mai Ƙaho

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku kife wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku.

Ni da 'yata mun tashi da asuba daga gidanta a Greensboro ta ƙasar Amurka, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ita aikinta jinyar tsofaffi a gidajensu. Cikinsu akwai wani dattijo baƙar fata a garin Pleasant Garden, mabushin wani lanƙwasasshen ƙahon tagulla da suke kira saksofon. Mantuwar tsufa ta cinye shi, har sunan marigayiyar matarsa ya ɓace masa. Abokinsa makaɗin ganga, wanda suke kiɗan jaz tare tun gemu bai fito musu ba, ya roƙi a kai masa shi garin Summerfield su yi wasan bankwana. Likita ya ce ba lallai ya gane shi ba.

Hanya a shimfiɗe kamar tabarma, raɓa na tururi a kan ciyawa, gidaje nesa da juna kamar masu gaba. Ba mai tafiya a ƙasa, ko akuya. A gidan mai aka sayo mini shayi. Da na ji kuɗinsa a naira, sai da na sake bismilla.

Muka ɗauki dattijon cikin kwat, ƙahon a cinyarsa kamar jinjiri. Duk hanya yana kirana da sunan wata mata, ni kuwa ina amsawa.

Wurin wasan tsohon ɗakin dawaki ne a wata gona, an share an jera kujeru. Aka ba mu soyayyen kifi da burodin masara da dafaffen ganye mai neman yaji. Mai gangar, dogo siriri, ya zauna yana ba mu tarihi, 'yata na fassarawa. A coci suka fara. Sun yi wasa a gidajen da ta ƙofar baya ake shigar da su saboda launin fatarsu, sun kwana a mota don an hana su masauki, daga baya jirgi ya kai su Faransa da Japan. Sun taɓa ɓatawa a kan wata waƙa.

"Shi ne mai laifi," in ji shi, "ga shi ya manta, ya bar ni da gaskiyata ni kaɗai."

Bayan azahar suka hau dandamali. Mai ƙaho ya dubi abokinsa kamar baƙo a tasha, ya ce, "Wane ne wannan?"

Mai ganga ya ajiye sanduna, ya taɓa fatar da yatsu, ɗan kiɗa gajere, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ubana makaɗin kalangun mahauta ne. Haka yake kiran mahauci ya fito daga bayan rumfa ba tare da an ambaci sunansa ba.

Na ce wa 'yata, "Ke, takensa ake kaɗa masa."

Ta ce, "Mama, don Allah, a nan shiru ake yi."

Sai ƙafar dattijon ta motsa, sai kafaɗa, sai ƙaho a baki. Sautin ya taso a hankali kamar hayaƙin turaren wuta. Na lumshe ido, sai ga ni yarinya a kasuwarmu, riƙe da gefen rigar Baba. Ban san sa'ad da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba.

Kowa ya waiwayo. 'Yata ta nutse cikin kujera. Mai ƙaho ya nemo ni da ido, ya mayar mini da guɗata ta bakin ƙahon, tiryan-tiryan. Sannan ya juya ga abokinsa ya ce, "Kana sauri, kamar kullum."

Mai ganga ya ci gaba da kiɗa, hawaye na ɗiga a kan fatar.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, dattijon na barci, yatsunsa na latsa iska. Na dawo da sanin cewa in sunan mutum ya ɓace masa, takensa na nan a hannun wanda suka daɗe tare.

Mai ƙaho ya wayi gari bai tuna komai ba. Mai ganga ya kai ƙaramar gangarsa Pleasant Garden, kullum da hantsi yana zuwa kiransa. 'Yata ta ce ba ta ƙara zuwa da ni taron Amurkawa, amma na ji ta a kicin tana gwada guɗa. Ni kuwa, taken Baba ya dawo mini, ina kaɗa shi a gefen kwano.