Takin Alade da Gonar Mahaifina

Shekarun baya, lokacin da nake digiri na biyu ta intanet a fannin ƙasar noma, malamar da ke duba aikina ta ba ni batun da ko a mafarki bai taɓa zo mini ba. Ta ce in kwatanta yadda ƙasashe ke zuba kashin alade a gonakinsu, daga shekarun da suka wuce zuwa yau. Ni da nake ɓoyewa ina rubuta wa itatuwan dabino waƙa, sai ga ni a Madina ina wuni da takin alade a kwamfuta. Duk wadda ta tambaye ni me nake karantawa, sai in ce "taki" in kama bakina.

Mahaifina ma'aikaci ne a wani tsohon lambun dabino a unguwar Ƙuba ta Madina tun kafin a haife ni. A shekarar ne kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya sayar da lambun don a gina gidaje, iƙamarsa, takardar izinin zamansa, kuma babu mai sabunta ta. Mu muka shiga damuwa, shi ko a jikinsa. Yana da gonar gado a ƙauyensu a Nijar, yana ba mu labarin geronta kamar jiya ya baro ta.

Wata la'asar ya shigo da gahawa, ya tsaya a bayana yana kallon zanen da nake haɗawa.

"Uwata, waɗannan zaruruwan masu launi fa?"

Na ce kowane zare ƙasa guda ce. Na nuna masa wanda ya miƙe sama kamar dabino. Na nuna masa na wasu ƙasashen Turai da suka hau suka fara sunkuyowa, don takin ya yi musu yawa har yana gurɓata rijiyoyi da koguna.

"Baba, wasu har biya suke a kwashe musu shi."

"A'uzu billahi!" Ya yi dariya har gahawar ta zuba. "To mu ina namu zaren?"

Na nuna masa. Yana kwance a can ƙasa, bai taɓa ɗaga kai ba.

"Alhamdu lillahi, gonata mai tsarki ce. Mu bayan girbi Fulani ke sauka a cikinta, shanunsu su kwana su bar mana taki, mu ba su dawa da gero."

Na faɗa masa a hankali abin da na karanta, cewa ƙasar wajen ta gaji, makiyaya kuma sun rage sauka. Ya shafa kaina ya ce, "Halas, ya isa haka, uwata. Na san gonata."

Ya koma Nijar da mahaifiyata, ni na zauna gidan yayana a unguwar Bani Harisa.

Daminar farko geron ya kai gwiwa, ya yi rawaya, ya tsaya. Babu Bafulatanin da ya sauka. Kashin awaki ma sharewa ake a ɗura a buhu, kowa na rowar nasa, takin zamani kuma ya fi ƙarfinsa. Damina ta biyu ba ta fi ta farko ba.

Wata safiya ya kira ni a waya. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shigo da abin da ya sa ya kira.

"Uwata, wannan abin da kika ce Turawa na rasa inda za su zuba... ki tambayar mini malaman addini na jami'ar Madina. In ya ruɓe ya koma ƙasa, mene ne hukuncinsa?"

Ko sunan abin ya kasa kamawa. Na ce, "To, Baba." Ban tambayi kowa ba. Ko da sun ce ya halatta, wa zai ɗauko shi daga ƙetaren teku ya kai ƙauyensu?

Daga baya ya haƙura da gonar. Yanzu yana zaune a bakin shagon ƙaninsa a gari, yana sayar da dabinon da ba shi ya shuka ba.

Na gama karatun, malamata ta yaba aikin ƙwarai. Amma ban koyi wani abu da zai sanyaya zuciya ba. Na ga dai wasu na shaƙewa da abin da ya yi musu yawa, ƙasar wasu na mutuwa da yunwa, ilimina kuwa iyakarsa ya zana bambancin da launi mai kyau. Har yau in mota ta bi da ni ta Ƙuba na hango benen da ya maye lambun, muryarsa nake ji. Bai sake tambayata amsar malaman ba. Ina jin shi ma ya san amsar ba za ta kai masa taki gona ba.